Wa ke gaya wa tasha cewa layin dogo ya canju kuma ya kullu? Tambayoyi da amsoshi

Tun da aka ɗora harsashin sabon dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura, ga kuma reshen da zai nufi Dutse, maganar jirgin ƙasa ta dawo majalisun ƙauyukanmu. Dattawa na tuna jirgin Nguru, samari kuma waɗanda suka taɓa hawa na Abuja zuwa Kaduna sai labarin sanyin ciki suke bayarwa. Ni kuma ɓangaren da ya fi ɗaukar min hankali shi ne wurin canjin layi, da wayoyin da ke kai labarinsa tasha. Ga tambayoyin da aka fi yi, na haɗa da amsa daidai gwargwado.

Malam wai shin jirgin ƙasa yana da sitiyari ne? Ya yake kwana?

Babu sitiyari ko kaɗan. Direba tafiya da birki kawai ke hannunsa, sai hon. Ƙafafun jirgi suna da leɓe ta ciki wanda ke bin jikin kwangiri, duk inda ƙarfen ya nufa nan jirgi zai bi ko direba yana so ko ba ya so. Toh a inda layi ya rabu biyu akwai wasu ƙarafa biyu masu tsini da ake kira harsuna, suna kwance tsakanin manyan kwangiran, an haɗe su da sandunan ƙarfe ta yadda tare suke motsi. In harshen dama ya manne da kwangirinsa na hagu zai buɗe, jirgi ya bi hanya ɗaya, in aka juya su ya bi ɗayar. Shi kenan. Kaga kenan ran mutum ɗari biyar na iya rataya a kan tsinin ƙarfe guda ya manne ko bai manne ba.

To a da ya ake yi a su Zakirai da Ringim da Malam Madori, ai ba wuta?

Da hannu. Dogon ya iso Kano a 1911, na Nguru kuma ya kai can a 1930, kuma duk tsawon zamanin gyaɗa mutum ne ke zuwa da ƙafarsa ya ja liba ya juya harsunan, ya duba da idonsa, ya sa kwaɗo, sannan ya ɗaga tuta. Tsarin ba laifi in jirgi a hankali yake tafiya kuma ba su da yawa a rana. Amma jirgin da ke gudun kilomita 100 ko fiye a awa, kafin direba ya hango tuta ya taka birki ya tsaya ya ci ɗaruruwan mitoci, wani lokacin har ya haura kilomita guda. Dole a sanar da shi tun daga nesa, kuma dole sanarwar ta zama gaskiya.

Akwatin ƙarfen nan da ake gani kwance a gefen canji, me ke ciki?

Injin juya canji kenan. In an buɗe murfin za ka ga ƙaramin injin lantarki, giyoyi, sakata, da jerin makunnai na tagulla. Daga jikin akwatin kuma sanduna ne suka fito suka shiga ƙarƙashin kwangiri. Ɗaya mai kauri ita ce ke tura harsuna. Sauran sirara, su ba sa tura komai, harsunan ne ma ke jansu, aikinsu kawai su kai rahoto.

Kuma injin yana da ladabi, aiki huɗu yake yi a jere ba ya tsallake ko ɗaya: ya zare sakata, ya tura harsuna, ya mayar da sakata a sabon wuri, sannan a ƙarshe ya haɗa wayar rahoto. Duk cikin 'yan daƙiƙu. Wasu injinan da wutar batir mai ƙarfin bolt 110 suke aiki kamar yadda aka saba a Indiya, wasu irin S700K na kamfanin Siemens wuta mai layi uku suke ci, bolt 380, wasu kuma da matsin mai suke turawa. Kowace ƙasa da abin da ta saba, amma jerin nan huɗu ɗaya ne.

Yaya, in an danna maɓalli injin ya juya ai magana ta ƙare, miye kuma na wani rahoto?

Nan ne fa duk maganar take, dan haka bari in ɗan zauna a kai.

Ka aiki yaro da magariba ya je ya rufe ƙofar garke. Ya tafi, ka ji ƙarar ƙofa, ya dawo ya ce ya rufe. Shin ta rufu? Wataƙila igiya ta shiga tsakani, wataƙila ya tura amma sakatar ba ta faɗa raminta ba. Aiken daban, rufuwar daban. Injiniyoyin sigina, wato fitilar ja da kore da ke ba direba izini, ba sa karɓar maganar yaron, sakatar suke so ta yi magana da kanta.

Yadda suke yi shi ne, waɗancan siraran sandunan kowanne yana manne da tsinin harshe guda, ɗaya na dama ɗaya na hagu, kuma a ɗaya bakin da ke cikin akwati an yi musu yanka, wato ɗan gurbi. Sai harshen da ya kamata ya manne ya manne sosai, wanda ya kamata ya buɗe shi ma ya buɗe iya yadda leɓen ƙafar jirgi zai wuce, sannan guraben za su zo saiti ɗaya. In sun zo saiti, kuma sakatar kulle ta shiga har ƙarshe, sai wani ɗan ƙarfe ya faɗa cikin gurbin, faɗawar tasa ce ke haɗa makunnan tagullan, wuta ta bi waya ta tafi ɗakin na'urori a tasha ta ɗaga rile, wato wani makunni da wuta ke ɗagawa, in ta yanke ya faɗi. Rile biyu ne, ɗaya na cewa canji yana miƙe, ɗaya na cewa yana ratse, kuma an ɗaura su ta yadda ba za su taɓa tashi tare ba. Sigina ba za ta ba da kore ba sai rilen da ya dace da hanyar da aka nema yana sama.

Abin da ya fi burge ni wlh shi ne tun kafin harsuna su fara motsi, da zarar injin ya taɓa sakata zai zare, rahoton ya riga ya yanke. Wato ko harsunan suna nan daram a wurinsu, in dai ba a kulle suke ba, tasha ba ta san da su ba. Dalili kuwa jirgi in ya zo ta gaban tsinin, girgizar ƙafafunsa kaɗai ta isa ta buɗe harshen da ba a kulle ba, sai ka ga kan jirgi ya bi layi ɗaya tarago na uku ya bi wani, abin da zai biyo baya kuma ba sai an faɗa ba.

Tsakuwa guda ɗaya fa za ta iya hana shi aiki da gaske?

Ƙwarai. Ba ma sai babba ba. Ana gwada injinan nan da wani ɗan falle na ƙarfe da ake sakawa tsakanin harshe da kwangiri kusa da tsini, sannan a juya. A ƙa'idar China in an sa mai kaurin milimita 4 dole injin ya kasa kullewa kuma ya ƙi ba da rahoto, in an sa na milimita 2 ya kulle. A Indiya milimita 5 ne ma'aunin ƙin. Ka duba rula ka ga milimita 4, bai kai faɗin ƙwayar wake ba.

In tsakuwa ta shiga, injin zai yi ta turawa, akwai abin da aka sa a ciki da ke sulluɓewa dan kar ya ƙone, bayan ɗan lokaci a yanke masa wuta. Ma'aikaci zai iya mayar da shi baya ya sake gwadawa, in tsakuwar ta farfashe Alhamdulillah, in ba haka ba sai mutum ya taka ya je ya cire.

Shi wanda ke zaune a tasha me yake gani?

Zanen layukan tashar ne a gabansa, a allo mai fitilu ko a kwamfuta. Kowane canji yana nuna inda ya fuskanta. A tsarin 'yan China kore na nufin miƙe, rawaya na nufin ratse, in kuma rahoto ya ɓata sai ja ya fito har da ƙararrawa. A wasu ƙasashen fitilar ƙyaftawa take yi har sai ya kullu sannan ta tsaya cak. Launi na bambanta, amma duk inda ka je hali uku ne: miƙe a kulle, ratse a kulle, sai na uku wato ban sani ba. Na ukun nan kuma ja ne ga direba.

To in NEPA ta ɗauke wuta fa? Mun san halin ƙasarmu.

Tambaya mai kyau, kuma ita aka fi yi min da dariya. Na farko na'urorin sigina ba sa dogara da wutar gari ita kaɗai, akwai batura da janareta, wani wurin har da sola. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, an gina abin ne a kan cewa wuta ita ce ke riƙe da izini. Rile yana sama ne saboda wuta na bi ta cikinsa, da ta yanke, ko waya ta tsinke, ko fis ya ƙone, ko ɓera ya ci kebur, sai ya faɗi da kansa, sigina ta koma ja. In ma fitilar siginar ce ta mutu gaba ɗaya, dokar direbobi ta ce a ɗauke ta a matsayin ja. Ita kuwa sakatar ƙarfe ce, ba wuta ke riƙe da ita ba, tana nan inda aka bar ta. Dan haka rashin wuta yana jawo jinkiri da zaman jira a daji da ƙorafin fasinja, amma ba shi ke juya canji ba.

Ma'aikaci ba zai iya kuskure ya juya canji jirgi na kai ba?

Ko ya danna ba zai juyu ba. Akwai wata 'yar wuta mai rauni da ake sakawa a jikin kwangiran biyu, a ɗaya ƙarshen tana riƙe da rile. Da jirgi ya hau, ƙafafunsa da sandar da ta haɗa su ƙarfe ne, sai wutar ta yanke hanya ta bi ta cikinsu, rile ya faɗi, tasha ta san akwai jirgi a wurin, wutar injin canji kuma ta katse. Wani Ba'amurke William Robinson ne ya fito da dabarar tun 1872 kuma har gobe ana amfani da ita. Sabbin layuka da yawa sun koma na'urar ƙirga ƙafafu, tana ƙirga nawa suka shiga nawa suka fita, in lissafi bai yi daidai ba wurin a rufe yake.

Sannan tun kafin jirgin ya iso ma, da an ba shi kore duk canjin da ke kan hanyarsa ya kullu. In ma'aikaci ya canza shawara ya mayar da sigina ja alhali jirgi ya riga ya matso, ba za a sakar masa canjin nan take ba, sai ya jira minti biyu ko uku gwargwadon ƙa'idar ƙasar, dan a tabbatar jirgin ya tsaya ko ya wuce. Wannan sarƙe sigina da canji tsohon abu ne, John Saxby ya yi rajistar nasa a Ingila a 1856 da sandunan ƙarfe zalla, a 1889 kuma doka ta tilasta shi a layukan fasinja na can. Daga baya aka koma rile, yanzu kwamfuta.

Kenan ba ya taɓa yin ƙarya?

Yana yi, in mutum ya koya masa. Kuma wannan ita ce lalacewar da masu aikin suka fi tsoro, dan wadda ke ba da ja ba gaira ba dalili haushi kawai take bayarwa, amma wadda ke ba da kore a kan ƙarya kisa take.

Ranar 2 ga Yuni 2023 a jihar Odisha ta Indiya, kusa da Balasore, jirgin fasinja Coromandel ya taho da gudun kusan kilomita 128 a awa, an ba shi kore ya wuce ta babban layi. Ashe canjin yana fuskantar layin ratse inda jirgin kaya ke tsaye maƙare da ma'adinin ƙarfe. Ya afka masa, taragunsa suka watsu har kan ɗaya layin suka bugi wani jirgin fasinjan da ke wucewa. Kusan mutum 300 suka rasu, sama da 1,000 suka ji rauni. Bincike ya nuna matsalar daga haɗin waya ne, an yi aiki a akwatin wayoyin wurin kuma alamomin da ke jikin wayoyin ba daidai suke ba, sai wuta ta isa rilen rahoto ta wata hanyar da ba ta bi ta cikin injin canji ba. Allon tasha na nuna miƙe, ƙarfe a ƙasa yana ratse. Shi ya sa a wannan sana'ar duk wanda ya taɓa waya, ba shi zai ce ta yi ba, sai an juya canjin an ga abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke allo, mutum ɗaya a waje ɗaya a ciki suna magana. Mu nan da muka saba da gyaran a haɗa kawai ta kawo, wannan ɗabi'ar ba ta da wuri a ɗakin rile sam.

Akwai kuma abin da wayar ba ta gani. A Potters Bar ta Ingila a 2002 notunan sandunan da ke haɗe harsuna biyu ne suka kwance, harshe ya motsa jirgi na kai, mutum 7 suka mutu. Kaga duk wayon lantarki sai an samu mai zagayawa da sifana yana duba noti.

Rairayinmu da ƙurar hunturu da ruwan damina ba za su kashe shi ba?

Za su wahalar da shi dai. Harsunan a kan wasu farantan ƙarfe suke zamewa, ana shafa musu giris, to giris in ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar kwaɓaɓɓen laka, injin ya riƙa nishi yana kasa kaiwa ƙarshe. Gabashin Jigawa wajen Birniwa kuwa iska ce ke kwaso rairayi ta zuba a kan layi, kuma rairayi ko tsatsa a saman kwangiri na iya hana ƙafar jirgi taɓa ƙarfe sosai, wanda hatsari ne ga waccan 'yar wutar mai gane jirgi. Nan na'urar ƙirga ƙafafu ta fi dacewa a ganina.

Da damina kuma, duk wanda ya san Ringim da Taura ya san yadda ruwa ke kwanciya. In ya taru tsakanin kwangirai wutar na zurarewa, allo ya nuna akwai jirgi alhali babu, in ya shiga akwatin inji kuma makunnai su yi tsatsa. Zafin bazara shi ma da nasa, ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da sama da milimita 1 a duk digiri guda, kuma kwangiri a rana ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Saitin da aka yi da sanyin asuba a watan Janairu ba lallai ya zauna daidai da azahar ɗin Afrilu ba, alhali milimita 4 ake magana. Ba kafa injin ne wahala ba, shara da mai da awo ne, wata bayan wata.

Wuta za ta iya jan mutum ko dabba in an taka?

Ta jikin kwangiri ba ta da ƙarfin da za ta ja ka. Ta cikin akwati ce mai haɗari, shi ya sa yake a kulle. Amma ni abin da na fi jiye wa mutane shi ne matsewa. Injin nan daga nesa ake juya shi, wanda ya danna ba ya ganinka, ba hon ba sallama, kuma yana turawa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 300 zuwa 600 gwargwadon irinsa. Ƙafar yaro ko kofaton saniya in ya shiga tsakanin harshe da kwangiri ba mai iya ɓamɓarewa da hannu. Dan Allah 'yan uwa makiyaya da masu zuwa gona da amalanke, a tsallaka a inda aka tanada, in ma dole ne to a yi nesa da wurin canji. Iyaye mata kuma a ja kunnen yara kan wasan jera duwatsu a kan layi.

Masu satar waya da ƙarafa fa, hatsari suke jawowa ko jinkiri kawai?

Duka biyun. Wanda ya yanke kebur dan tagullar da zai kai wa 'yan gwangwan, a take sigina ta koma ja, toh ba a mutu ba a ranar. Amma daga nan tashar ta makance, an koma aiki da hannu da takarda da rediyo har sai an gyara, kuma duk kariyar da na lissafa a sama ta tafi hutu, saura hankalin mutum ɗaya da wataƙila bai yi barci ba. Wanda ya kwance noti ko ya zare maƙalan da ke riƙe kwangiri kuwa, wannan ba waya a jikinsu balle su kai ƙara, sai dai jirgi ya zo ya tarar. Kuma mai saye ya san ƙarfen dogo in ya gani, kar ma ya ce bai sani ba.

In injin ya ƙi gaba ɗaya, jirgi kwana zai yi a wurin?

A'a. Akwai hannun juyi da ake ajiyewa a kulle a tasha. Ma'aikaci zai ɗauko, ya buɗe wata 'yar ƙofa a jikin akwatin, kuma an yi ta ne yadda kafin hannun ya shiga wutar injin ta yanke, kar wani ya danna daga ciki ya karya masa hannu. Sai ya yi ta juyawa har harsuna su kai, sakata ta faɗa. In rahoto ya dawo a allo shi kenan an ci gaba. In bai dawo ba sai a kawo matsi na ƙarfe a ɗaure harshen da kwangiri, a sa kwaɗo, a ba direba izini na musamman ya wuce jar sigina, shi kuma ya lallaɓa a hankali har taragon ƙarshe ya haye.

In na ga akwati a buɗe ko sanda ta karye a kusa da gonata, me zan yi?

Kar ka taɓa, kar ka ce za ka gyara ko da kai bakanike ne. Ka lura da wurin sosai, in akwai lambar kilomita a turken da ke gefen layi ka riƙe ta, ka ɗauki hoto da waya in kana da hali, sannan ka kai wa ma'aikatan reluwe na tasha mafi kusa. In tashar da nisa ka sanar da mai unguwa ko dagaci ko ofishin 'yan sanda, su sun san yadda za su kai maganar da sauri. Kuma ka faɗa musu ko sanda mai kaurin ce ko sirara, da kuma ta wane gefe, dan wanda zai zo ya san kayan da zai ɗauko.